Darasi: Yadda Sabon Ɗan Wasa Zai Gyara Saitinsa a Wasannin Harbi na Waya

A garuruwan da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, tun daga Kura zuwa Bunkure da Garun Mallam, lokacin tumatir shi ne lokacin da kuɗi ke shiga hannun matasa. Wanda ya yini yana tsinka a Kadawa ko yana lodin kwanduna a kasuwar Kwanar Gafan, da yamma yana da abin sayen data. Da yawa daga cikinsu kuma a wasannin harbi take ƙarewa: Free Fire na kamfanin Garena da ya fito a ƙarshen 2017, PUBG Mobile da ya biyo baya a watan Maris na 2018, sai Call of Duty Mobile a watan Oktoban 2019. A rumfunan caji na Chiromawa da Dorawar Sallau ba a rasa 'yan huɗu-huɗu da suka haɗa kai, kowa ya duƙufa a kan wayarsa.

Matsalar da ta fi yawa ita ce a ga yaro ya shekara yana wasa amma hannunsa na nan yadda ya fara. In an kashe shi ya ce sabis ne, gobe ya ce wayar ce, jibi ya zuba kuɗin da ya sha rana ya samu a kan sayen kayan ado na cikin wasa, yana zaton bindiga mai kyalli za ta gyara masa saiti. Wannan darasi ya ɗauko hanyoyin horo daga wani wasan motsa jiki na zahiri, wato gasar harbi da ƙaramar bindiga, domin masu wannan wasa sun shafe kusan shekara hamsin suna nazarin tambaya guda: yaya mutum zai yi sauri ba tare da ya ɓata saiti ba?

Gasar da aka aro darasin daga gare ta

Ƙungiyar da ke kula da wannan wasa a duniya ana kiran ta IPSC. An kafa ta a watan Mayun 1976 a garin Columbia na jihar Missouri a Amurka, kuma shugabanta na farko shi ne Jeff Cooper. Ba irin harbin gasar Olamfik ba ne da mutum ke tsayawa wuri ɗaya ya nutsu. A nan ɗan wasa na tafiya ne cikin fili da aka tsara, yana zagaya shingaye, yana harbin kwalaye da farantan ƙarfe, agogo kuma na ƙirga masa lokaci. Taken ƙungiyar kalmomi uku ne na Latin da ake taƙaitawa da DVC, ma'anarsu daidaito, ƙarfi da sauri.

Kafin a je ko'ina, akwai maganar doka. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sanya ƙaramar bindiga cikin jerin makaman da aka haramta wa farar hula, sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma mallakarta ba bisa ƙa'ida ba laifi ne da ke kai mutum gidan yari. Saboda haka abin da matashin Garun Mallam zai ara daga IPSC shi ne lissafinta da tsarin horonta kawai. Ko a Hong Kong, inda dokar bindiga ke da tsauri, da bindigar roba mai harba ƙananan ƙwallaye ake yin wasan, kuma a can aka yi gasar duniya ta farko ta wannan nau'i a 2018. Ita ma bindigar robar, mai hankali ba zai rataya abin da ya yi kama da makami ya hau hanyar Kano zuwa Zariya da shi ba.

Dangantakar wasan nan da waya ta fi yadda ake zato. A gasar wasannin Asiya da aka yi a birnin Hangzhou na ƙasar Sin a 2023, an yi gasar PUBG Mobile a wani tsari na musamman da aka cire harbin mutane daga ciki. 'Yan wasa na tsere ne da mota, suna harbin allunan bara, ana auna lokaci da maki. Ƙasar Sin ce ta ɗauki zinare.

Lissafin da ya kamata kowa ya fara fahimta

A IPSC ana tara makin mutum ne a raba da adadin sakan da ya ɗauka. Kwalin da ake harbi an kasa shi gida uku. Tsakiya, wato A, maki 5 ne. Gidan C da ke kewaye da shi maki 3 ne ga mai ƙaramin harsashi, gidan D na gefe kuma maki 1. Wanda ya kuskure kwalin gaba ɗaya ba makin harbin kaɗai ya rasa ba, ana kuma cire masa maki 10.

A ɗauki misali da harbi 12, inda mafi girman maki shi ne 60. Mutum na farko ya nutsu, duka harbinsa sun shiga tsakiya, ya gama cikin sakan 10. An raba 60 da 10, yana da 6. Na biyu ya yi gaggawa ya gama cikin sakan 8, harbi 11 sun shiga tsakiya, ɗaya ya tafi iska. Makinsa 55 ne, a cire 10 ya rage 45, a raba da 8, yana da kusan 5.6. Duk saurinsa na farko ya doke shi. Na uku shi ma ya gama cikin sakan 8, tara a tsakiya, uku a gidan C, babu kuskure ko ɗaya. Makinsa 45 da 9, wato 54, a raba da 8, yana da 6.75. Shi ya yi nasara.

Wannan lissafi ya nuna kurakurai biyu da sababbin 'yan wasa ke faɗawa ciki. Akwai mai dannawa ba ƙaƙƙautawa da zarar ya hango motsi, harsasansa su ƙare a bango, a same shi yana canza gidan harsashi. Akwai kuma mai jiran sai alamar saiti ta zauna daidai a kan goshi, kafin ya gama lallaɓawa an riga an kwantar da shi. Na uku a misalin nan ya yarda da harbin da ya isa, bai jira wanda ya fi kyau ba. A wasan waya wannan na nufin in abokin gaba na kusa, harbin ƙirji biyu da suka shiga sun fi harbin kai ɗaya da ake ta nema. In yana nesa kuma, ko kansa kaɗai ya leƙo daga bayan shinge, a nan ne ake biyan rabin sakan a daidaita.

Inda wannan ya fi bayyana shi ne zagayen farko na Clash Squad a Free Fire, lokacin da kuɗin kowa bai wuce na ƙaramar bindiga ba. Mai Desert Eagle ko M500 ba shi da ruwan harsasai da zai rufe kuskurensa. Shi ya sa ƙaramar bindiga ta fi kowace zama malama ga mai koyo: duk harbin da ya ɓace ana ganin sa.

Saitin waya: a zaɓa sau ɗaya, a bar shi

Babu ɗabi'ar da ta fi hana ci gaba kamar canza saurin juyawar kyamara kullum. Yaro ya kalli bidiyon wani gwani a YouTube ko TikTok, ya kwafi lambobinsa, bayan kwana biyu ya ga na wani ya sake canzawa. Gwanin nan wataƙila wayarsa na nuna hotuna 90 ko 120 a sakan ɗaya, fuskarta ta fi faɗi, yatsunsa ma ba irin na mai kwafar ba ne. Lambobin da suka dace da shi ba dole su dace da Tecno ko itel mai ƙwaƙwalwar giga 3 ba.

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a shiga filin horo, a tsaya gaban abin bara guda biyu masu ɗan tazara, a riƙa kai alamar saiti daga ɗaya zuwa ɗaya da jan yatsa guda. In alamar na wuce wurin kullum sai an dawo da ita, saurin ya yi yawa, a rage maki biyar. In tana tsayawa kafin ta kai sai an ƙara ja, a ƙara biyar. Da an samu inda take sauka kusa da daidai, a rubuta lambobin a takarda, kada a sake taɓa su har mako biyu. Hannu na koyon nisa ne ta hanyar maimaici, kuma duk lokacin da aka canza lamba an mayar da shi aji ɗaya.

Game da maɓallai, akwai wata ƙa'ida da masanin halayyar ɗan Adam Paul Fitts ya wallafa a 1954, wadda masu tsara manhajoji ke aiki da ita har yau: lokacin da hannu ke ɗauka ya kai ga abu yana ƙaruwa in abin ya yi nisa ko ya yi ƙanƙanta. Don haka maɓallin harbi ya zama babba, ya zauna inda babban yatsa ke hutawa. Maɓallan da ba a cika buƙata cikin faɗa ba, su ne za a ƙanƙanta a tura gefe. Masu wasa da yatsu uku ko huɗu suna da fifiko na gaske, domin suna iya tafiya da juyawa da harbi a lokaci guda, amma wanda zai koma wannan tsari ya sani zai yi mako ɗaya ko biyu yana wasa kamar bai taɓa riƙe waya ba. Da yawa a nan suke karaya su koma yatsu biyu, alhali saura kaɗan hannun ya saba.

Sai jairoskof, wato na'urar da ke cikin waya mai gane karkatawarta. A PUBG Mobile da Call of Duty Mobile tana taimakawa sosai wajen danne tsallen bindiga, domin mutum na ɗan karkata wayar ne maimakon jan yatsa. Sai dai ba kowace waya mai araha ke da ita ba, wasu kuma kwaikwayonta suke yi da wata na'urar, sai motsin ya riƙa makara. Manhaja irin CPU-Z na nuna jerin na'urorin da ke cikin waya. Wanda zai je Farm Centre a Kano sayen waya domin wasa, wannan na cikin abin da ya kamata ya duba kafin ya biya, ya fi yawan kyamarorin da ke bayanta amfani a gare shi.

Ido ne ke gaba, hannu na biye

Masu horar da 'yan IPSC na yawan maimaita abu guda game da tashi daga kwali zuwa kwali: ido ya fara sauka a kan sabon wurin, sannan bindiga ta biyo shi. Wanda ya kafa idonsa a kan bindigar yana jan ta tare da shi, kusan kullum sai ya wuce wurin. Duk yaron da ya taɓa korar jan-baki da danƙo a gonar shinkafa a Kura ya san wannan ba tare da an koya masa ba, domin tsuntsun yake kallo, ba gwafar ba. A waya kuma sai ka ga shi ɗin ne ya zuba wa alamar saiti ido yana laluben abokin gaba da ita.

Abu na biyu shi ne inda alamar ke zama kafin faɗa ya fara. Sababbin 'yan wasa na tafiya tana kallon ƙasa, sai an ga mutum a fara ɗago ta. Matsakaicin mutum na ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na sakan kafin ya mayar da martani ga abin da ya gani, kuma horo bai cika rage wannan sosai ba. Abin da ake iya ragewa shi ne tafiyar da alamar za ta yi bayan nan. In tana zaune daidai tsayin ƙirji ko kai, tana kallon ƙofa ko kusurwar da ake tsammanin mutum zai ɓullo, aikin da ya rage ɗan gyara ne. Wannan ɗabi'a kaɗai ta fi duk wani saiti da za a kwafa, kuma ba ta cin data.

'Yan IPSC ma kafin a busa musu suna samun 'yan mintoci su zagaya filin hannu wofi, suna tsara inda za su tsaya da inda za su canza gidan harsashi. Ba sa canzawa a tsaye a fili, suna yi ne lokacin da suke tafiya daga wuri zuwa wuri. A wasa ma haka: a cika bindiga a bayan shinge ko kan hanya, kada a jira sai ta ƙare a gaban mutum.

Horon minti goma sha biyar

Akwai wani tsohon gwaji da Jeff Cooper ya shahara da shi mai suna El Presidente. Kwalaye uku a jere, nisan kimanin mita 10, mai harbi ya juya musu baya. Da an ba da alama ya juyo, harbi biyu ga kowane kwali, ya canza gidan harsashi, ya sake biyu-biyu. Harbi 12 ke nan, irin na misalin da ya gabata. Ana iya yin kwatankwacinsa a filin horo na kowane ɗaya daga wasannin nan uku: a ɗauki ƙaramar bindiga, a zaɓi abin bara uku, a juya baya, aboki ya riƙe wata wayar da agogon ƙirga sakan ya ce "fara".

Sai a ba harbin kai maki 5, na jiki 3, kuskure a cire 10, a raba da lokaci. A yi sau biyar a rubuta matsakaicin. Lambar da aka samu ranar farko ba ta da wani muhimmanci. Amfaninta sai bayan mako uku, lokacin da za a iya gane ko ana gaba ko ana tsaye, abin da yawan kisa a wasa ba zai taɓa nunawa ba, tunda wannan ya danganta da irin mutanen da aka haɗu da su ranar.

Yadda ake ƙara sauri kuwa, masu wannan fanni na raba horo gida biyu. Wani zagayen mutum ya tura kansa fiye da yadda ya saba har ya fara kuskure, don ya ga inda hannun ke watsewa. Wani zagayen kuma ya ja baya kaɗan zuwa saurin da duk harbi ke shiga. Wanda ke yin na biyun kaɗai zai zama mai tsafta amma a hankali har abada. Minti 15 kullum kafin a shiga wasan matsayi sun fi awa uku ranar Juma'a kaɗai.

Yawancin wayoyin Android na yanzu na da maɓallin ɗaukar bidiyon sikirin a jerin da ake jawowa daga sama. A ɗauki wasa ɗaya a rana, a koma a kalli sakan goma na ƙarshe kafin kowace mutuwa, a tambayi kai: ina alamar take lokacin da ya ɓullo? An harba kafin ta isa ne, ko an makara? Akwai shinge kusa da aka bari? Sau da yawa laifin da aka ɗora wa sabis a nan ake ganin na wane ne. Mai ƙaramar waya ya lura ɗaukar bidiyo na ƙara mata nauyi, don haka ya rage ingancin ɗaukar, kuma kada ya kunna ta ranar gasa.

Abin da yake laifin waya ne da gaske

Wani lokacin kuwa wayar ce. Wasan da ke tafiya a hotuna 30 cikin sakan na sabunta abin da ake gani duk bayan kimanin milisakan 33, mai 60 kuma duk bayan kimanin 17. Saboda haka a saukar da kyan hoto zuwa mafi ƙanƙanta, a ɗaga adadin hotuna zuwa iyakar abin da wayar za ta riƙe. Inuwa da ciyawa masu kyau ba su taɓa ci wa kowa wasa ba.

Zafi shi ne babban abokin gaba a wannan yanki. A bazara, musamman Afrilu, zafin Kano na wuce digiri 40, kuma waya in ta yi zafi da kanta take rage ƙarfin injinta don ta kare kanta. Shi ya sa wasan farko ke tafiya sumul, na uku ya fara tsinkewa. Yin wasa waya na jone da caji a rumfa na ninka matsalar, yana kuma gajarta ran batir. A cire rigar wayar, a zauna a inuwa, a ba ta hutu tsakanin wasanni. Kada a sa ta a firiji ko a kan ƙanƙarar mai sayar da ruwa, domin raɓar da za ta taru a ciki ta fi zafin illa. Gumin yatsa a bazara da ƙurar hunturu duk suna canza yadda yatsa ke zamewa a gilashi, kuma safar yatsa da ake sayarwa a shagunan kayan waya na magance wannan da kuɗi kaɗan.

Lambar da ke gefen sikirin mai ɗauke da haruffan ms tana nuna jinkirin saƙo tsakanin waya da uwar garken wasan. In ta kai 100, kashi ɗaya cikin goma na sakan ke nan. Mai tsayayyen jinkiri na iya sabawa da shi, wanda lambarsa ke tsalle daga 80 zuwa 300 ne ke cikin wahala. Ƙarfin layi na bambanta daga unguwa zuwa unguwa, har daga bakin titi zuwa bakin kanal, don haka a gwada layuka biyu a wurin da aka saba zama, a lokacin da aka saba wasa. A rufe manhajojin da ke saukar da abubuwa a ɓoye. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, wannan ya zama maganar aljihu ma. Wasan kansa ba ya cin data sosai, sabuntawar ce ke ci, wani lokaci fiye da giga ɗaya, saboda haka a kashe sabuntawa ta kai tsaye a Play Store, a tanadi tsarin dare domin ta.

Manhajojin "harbin kai"

A rukunonin WhatsApp da Telegram ana yawan yaɗa fayilolin da ake cewa suna sa kowane harbi ya tafi kai, ko shafukan da ke alƙawarin lu'ulu'u kyauta in an shigar da bayanan Facebook. Kamfanonin wasannin na rufe asusun da aka kama da irin waɗannan manhajoji, sau da yawa har abada, da duk abin da aka saya a ciki. Fayil ɗin da aka sauke daga wajen Play Store kuma, in ya nemi izinin karanta saƙonni ko sarrafa sikirin, yana iya ganin lambobin sirri da banki ke turowa, a wayar da wataƙila ita ce ake karɓar kuɗin tumatir da ita ta OPay ko Moniepoint. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusun Google ko Facebook da aka ɗaure wasan da shi. Wanda zai shiga gasa kuma ya karanta ƙa'idojinta tukuna, domin da yawa na hana wasa ta kwamfuta da maɓallan roba da ake maƙalawa a saman waya, kuma wanda ya saba da su wata shida zai je ranar gasa ya tarar da hannunsa bai san inda maɓallin harbi yake ba.